Kada A Taɓa Soron Madugu

Zangon Aji, ta Kiyawa
9 ga Fabrairu

Zuwa ga amaryata Hamida, mai gudun miji har ƙasar Turawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke nan ƙalau. Uwargidanki Iyatu tana gaishe ki. Ƙafarta ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Ni ma lafiyata lau in ban da kunne, wanda ya ƙara nauyi tun bayan tafiyarki. Saboda haka ki daina kirana a waya, ke kina ihu ni ina na'am. Na tsufa ina aikin magatakarda a kotu, abin da na koya a can shi ne maganar da ba a rubuta ba iska ce. Ki rubuto ki tura wa Huseina ta gidanmu, mai aiki a Dutse, a wayarta, ita za ta buga a takarda a Dutse ta kawo mini in ta zo gida ƙarshen mako. Tawa kuma ta ɗauki hotonta ta tura miki.

Takardarki ta farko ta iso, amma ban ga abin karantawa a ciki ba. Wai kin sauka lafiya, akwai sanyi, aikin asibiti da daɗi. Shi ke nan? Kakanki marigayi Ashafa, da muke 'yan maza ni da shi, in ya je cin kasuwar Jahun ya dawo sai mun roƙe shi ya yi shiru. Ke kin haye teku kin aiko mini da layi uku. Ina so ki zayyana mini garin nan na Wales: wa ya kafa shi, me suke saye da sayarwa, yaushe kasuwarsu ke ci, wa ke sarautarsu.

Labarin gida kuwa ba daɗi. Tun da aka zuba kwalta a hanyar da ta bi ta ƙofar gidanmu, Rabi'u ɗan ƙanena ya sa wa soron kakanmu Madugu Aji ƙahon zuƙa. Wai a rushe a gina shaguna na bulo a ba masu cajin waya haya. Soron da fatake suka sauke kanwa da goro a cikinsa, soron da aka raɗa wa ubanki suna! Ya janye samarin gidan duk sun koma bayansa, an kuma sa taron dangi bayan ƙaramar sallah. Na ce musu sai bayan raina. Amma wannan ba hujja ba ce, kuma Rabi'u ya san shekaruna. Abin yana hana ni cin tuwo, ba zan ɓoye miki ba.

Naki har kullum,
Malam Abdulkahar Magatakarda

*

Wales
14 ga Maris

Kaka Malam, tsohon ango mai ran ƙarfe,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da Iya Iyatu, da fatan ana shan ruwa lafiya. Ni ƙalau nake, sai mura da ta kama ni tun ranar da na sauka ta ƙi sakina. Tunda ka ce kakana ya fi ni baki, to gyara zama.

Sunan garin ba zan wahalar da kai da shi ba, don ni ma sai da na daɗe kafin direban bas ya daina yi mini dariya. Mutanen nan suna da yarensu daban da Turanci, kuma in kana son ganin ɓacin ransu ka ce musu 'yan Ingila. Wata tsohuwa da nake jinya na yi mata wannan kuskuren, ta ƙi shan magani a hannuna har sai da na ba ta haƙuri.

Garin ƙarami ne, bai kai Kiyawa ba, yana cikin kwari a bakin wani kogi mai tsohuwar gada ta dutse. Tuddai sun kewaye shi kamar yadda duwatsu suka kewaye Dutse, sai dai nasu ciyawa ce shar shekara duka, don ruwan sama a nan ba ya da damina ba ya da rani. Tumaki sun fi mutane yawa. Ba makiyayi ba sanda, kowa ya shafa wa nasa fenti a gadon baya ya sake su a kan tudu. Na yi ta tunanin da a wajenmu ne, kafin layya ba za a sami ko kofato ba.

Asalin garin kasuwa ce. Sun ce shekaru ɗaruruwa da suka wuce wani sarki ya ba su izinin cin kasuwa ranar Alhamis, kuma ga abin da zai faranta maka rai, a rubuce ya ba su. Har yau Alhamis take ci. Su ma sun yi fatauci irin na Madugu. Kakanninsu da ƙafa suke kora shanu har birnin Landan, sai an buga wa shanun takalmin ƙarfe saboda nisan hanya. Yanzu mota ke kwasa.

Kasuwar tana cikin wani dogon gini mai agogo a ka. Ana sayar da cuku da zuma da rigunan ulu da wata waina mai zabibi. Ba a tayi. Ran farko na ɗauki kabeji na taya rabin kuɗi, matar ta dube ni da tausayi ta tambaye ni ko ina da matsala a gida. Na nemi gyara, ta ba ni leda. Kasuwar dabbobi kuwa tana bayan gari, kuma ba dillali ba la'ada. Mutum ɗaya ne ke tsayawa a sama yana zuba magana da sauri kamar sanƙira, masu saye suna jingine da ƙarfe fuska a murtuke, wannan ya ɗaga gira wancan ya taɓa hula, kafin ka ce kwabo an sayar da garke. Ba wanda ya ce albarka, ba wanda ya rantse.

Shagunan babban titi da yawa na gwanjo ne, ribar kuma sadaka ake yi da ita, har akwai wanda ribarsa ta kuliyoyi ce. La'asar sakaliya kowa ya kulle ya tafi gida. Sarki kuwa ba su da shi a garin. Duk shekara suna zaɓen mutum ɗaya su rataya masa sarƙa a wuya, bana mai gidan burodi ce.

Na bar maka mai daɗin a ƙarshe. A kan tudun da ke tsakiyar gari akwai wani ƙaton kango, gidan mayaƙan da suka kafa garin. Ba rufi, ba ƙofa, bango ya zube ta gefe guda, ciyawa ta fito a kansa, tsuntsaye sun yi gida. Da na gan shi na ce wa abokiyar aikina, wane lalataccen magaji ne ya bar gidan ubansa haka? Ta kusa faɗuwa don dariya. Ashe doka ce ta hana a taɓa shi, ko dutse ɗaya ka ɗauka sai kotu. Mutane kuma daga ƙasashe suke zuwa mota-mota, su biya a ƙofa, su shiga su kalli kango su ɗauki hoto, su fito su sha shayi su sayi tsaraba. Rabin garin nan da wannan kangon suke cin abinci. Da Baffa Rabi'u a nan yake, da tuni muna kai masa abinci gidan yari.

Yanzu sai ka faɗi gaskiya, ni da kakana wa ya fi?

Jikarka,
Hamida

*

Zangon Aji
20 ga Afrilu

Amaryata Hamida, Allah ya yi miki albarka,

Bayan gaisuwa da barka da sallah, muna nan lafiya. Ki riƙa shan citta da kanumfari saboda murar nan. Kin fi kakanki, na yarda, kuma ga shi a rubuce.

An yi taro, kuma na yi nasara! Na bar Rabi'u ya gama zuba, ya kawo maganar haya, ya kawo maganar ci gaba. Sannan na sa tabarau na zaro takardarki na karanta musu tun daga tumaki har zuwa kango. Da na zo wajen gidan yari sai da na maimaita. Na ce to ga Turawan da kuke kwaikwayo, su da suka ƙera wayar da kuke son yi wa caji, kango suke tsaro da doka. Nasu ma ba rufi, namu kuwa da rufinsa da bakan gizon ginin da ya tallafe rufin. Daga yau na kafa doka irin tasu, ba mai taɓa soron Madugu, ko da yatsa.

Sai Iyatu ta leƙo daga bayan ƙyaure, ita da ba a gayyata ba, ta ce, "To Malam, gayyar yaɓen fa? Ga bazara ta kawo kai."

Kin san duk shekara kafin ruwa ya sauka ana taruwa a kwaɓa ƙasa a yaɓe soron, a toshe rufi, a gyara indararo, ita kuma ta dama fura. Na ce mata an soke. In an hana taɓawa an hana taɓawa, doka ba ta da ƙofar baya. Wa zai taso daga wata ƙasa ya biya kuɗi don ya kalli sabon yaɓe? Tsufan ake saye.

Ta ce, "Ni dai tun da aka kawo ni gidan nan ban ga shekarar da aka tsallake ba. Yo ƙasa ce fa, Malam, ba ƙarfe ba!"

Na ce mata ita ko Kano sau nawa ta je.

Abin mamaki shi ne Rabi'u. Ya gyara zama, ya ce, "Baba, don Allah har yaɓen aka hana?" Na ce har shi. Ya ɗaga kai ya dubi sama ta gabas, ya dubi soron, sai ya ce, "Wallahi Baba ka yi gaskiya. Mu ne ba mu waye ba. Ni na janye maganata, kuma duk wanda ya kawo ko ƙwaryar ƙasa kusa da soron nan, ni da shi ne." Kin ga amfanin hujja a rubuce. Yaron nan ashe yana da hankali, zuga ce ta yi masa yawa. Da kuɗinsa ya je Dutse ya sa aka rubuto allo mai kyau: SORON MADUGU AJI, KAYAN TARIHI, KADA A TAƁA. Har kujera ya saya mini mai hannu, na riƙa zama a ƙofa ina tsaro.

Shekaranjiya magina suka zo da jakuna sun yi lodin jar ƙasa kamar yadda suka saba, ba wanda ya aika musu. Na kore su da sanda. Babbansu ya tsaya yana ta magana yana nuna rufi, ni kuwa kin san kunnena.

Yanzu ki binciko mini, su a can kafin a shiga ake biya ko bayan an fito? Kuma yara rabi ne?

Kakanki mai nasara,
Malam Abdulkahar

*

Wales
6 ga Mayu

Kaka Malam,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Iya, ni lafiya lau. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa, hankalina a tashe yake tun da na karanta takardarka.

Don Allah don Annabi a yi yaɓen nan! Laifina ne da ban yi bayani sosai ba. Kangon nan na dutse ne, Kaka, dutse zalla, kaurin bangonsa mota za ta iya bi ta kai. Ruwa ya shekara ɗaruruwa yana dukansa bai ji ba. Kuma da na ce an hana taɓawa, rushewa da ɗiba aka hana. Akwai ma'aikata da ba su da wani aiki sai lallaɓa shi, suna cike tsaga suna ɗaure duwatsun da suka yi lako-lako, sai dai suna yi ne yadda ido ba zai gane ba. Yau da na tashi daga aiki na hau tudun na tambayi mai tsaron ƙofa. Ya ce rufin ma ba sakaci ne ya cire shi ba. Yaƙi aka yi, runduna guda ta kewaye gidan da igwa tana luguden wuta, da ƙyar suka iya fasa gefe ɗaya.

Soronmu tubali ne da azara. In damina ta same shi ba yaɓe, kai ma ka san sauran.

Batun Baffa Rabi'u kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya shekara yana neman a rushe, rana ɗaya ya sayo maka kujera? Ka kira maginan nan ka ba su haƙuri tun hadari bai haɗu ba. Iya ta fi mu gaskiya, ni da kai duka.

Jikarka,
Hamida

*

Zangon Aji
28 ga Yuni

Amarya,

Bayan gaisuwa, ko lafiya? Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na san dai Huseina ta haihu, an sami mace, tana Jahun wajen uwarta tana wanka, to amma ai da kin nemi wata hanya. Wannan ma Rabi'u ne ya ce in kawo ya ɗauki hotonta ya tura miki, Allah ya yi masa albarka. In za ki ba da amsa ki biyo ta wajensa.

Iyatu ta ce wai kin kira ta a wayar maƙwabta har kina kuka, wai kin ce a yi yaɓe. Na yi dariya. Matar da ta fi wata biyu tana neman hanyar da za ta karya mini doka, yanzu ta koma ƙirƙiro shaidu. Na ce ta kawo a rubuce. Ta ce, "Allah ya shirye ka, Malam," ta daina sa mini man shanu a miya.

Damina ta sauka da albarka, gero ya kai gwiwa. Soro kuma sai ƙara kyau yake. Ciyawa ta fito a kan rufi daidai yadda kika kwatanta naku. Indararon gabas ya faɗo da kansa, na bar shi a inda ya faɗi. Akwai wata tsaga da ta taso daga gindin bango har sama, da yatsa ke shiga, yanzu hannu na shiga har wuyansa. Rabi'u kullum da safe sai ya zo ya duba ta, ya ce, "Baba, tarihi na ƙaruwa."

Baƙi dai ba su fara zuwa sosai ba. An sami wani ɗan bautar ƙasa da ya shigo fakewa ruwa, ya ɗaga kai ya dubi azara, ya fita ya tsaya a cikin ruwan. Sai wani malamin gona da ya karanta allo ya tambaye ni ko akwai banɗaki. Ban karaya ba, kowace kasuwa da mutum biyu take fara ci.

Har yanzu ba ki gaya mini ko yara rabi ne ba.

Kakanki,
Malam Abdulkahar

*

Wales
29 ga Yuni

Baffa Rabi'u,

Ina wuni, ya iyali? Ga takardar da na rubuta wa Kaka tun watan Mayu, ta maƙale a wayar Huseina. Don girman Allah ka buga ka kai masa yau ɗin nan, ko ka nuna masa a wayarka ya karanta da idonsa.

Hamida

*

Kiyawa
11 ga Yuli

'Yata Hamida,

Lafiya lau, ya aiki? Saƙo ya iso. Injin buga takarda na nan Kiyawa ba tawada, Dutse kuma ban sami shiga ba. Rubutun waya ƙanana ne, kada mu wahalar da idon tsoho. In sha Allahu ana nan ana ƙoƙari.

Baffanki Rabi'u

*

Zangon Aji
17 ga Agusta

Zuwa ga jikata Hamida,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ba wanda ya ji ko ƙwarzane, ki fara da gode wa Allah a kan wannan.

Huseina ta yi arba'in, ta ƙare hutun haihuwa ta koma aiki, ta kawo mini takardarki ta watan Mayu ranar Asabar. Na karanta ta a tsakar gida, don soron ya faɗi tun ranar Alhamis.

Da la'asar ne. An wuni ana ruwa, ina zaune a ciki a kan kujerata, sai Iyatu ta shigo ba sallama ta kama hannun kujerar ta ce in ban tashi ba za ta ja ni da ita har waje. Na tashi don kada a ji mu. Ko alwala ban gama ba na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashina. Ni da ba na jin kiran salla sai an taɓa ni, wannan ƙarar na ji ta sarai. Bangon gabas ne ya fara zama, rufi ya bi shi, bakan gizon da Madugu ya ɗauko magina tun daga Kano suka ɗaura ya karye a tsakiya. Allon ne kawai bai faɗi ba.

Baƙi kuwa sun zo, ba ki yi ƙarya ba. Daga Kiyawa, daga Shuwarin, har da 'yan Dutse a cikin adaidaita sahu. Layi suka yi suna kallo suna ɗaukar hoto, kowa da wayarsa a sama. Ba wanda ya biya, jaje suka zo, mu muka ciyar da su. Buhun geron da aka saba dama furar gayya da shi, a kansu ya ƙare.

Rabi'u ya fi kowa salati. Ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, haƙuri, ikon Allah ne, ba wanda ya taɓa shi." Yana faɗa ina ganin igiyar awo ta leƙo daga aljihunsa. Jiya tifa ta sauke yashi. Ban hana ba, da wane bakin? Na roƙi abu ɗaya, a bar mini azarar da ba ta karye ba, ya ce in kwashe duka har da allon.

Iyatu kuwa ta mayar da man shanu a miya, tana zuba mini har ya yi yawa. Da ma faɗa ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Kada ki ce laifinki ne, kin ji ko? Na sake karanta takardarki ta azumi, ba inda kika ce a daina yaɓe. Ni na karanta abin da nake so in gani. Raina ya ɓaci ƙwarai, Hamida. A soron nan na yi rarrafe, a nan aka yi wa ubana salla, kuma na so a yi mini a nan.

Wajen da na fi tsayawa a takardarki shi ne maganar mai tsaron ƙofar nan. Nasu sai da runduna ta zo da igwa, kuma gefe ɗaya ta iya fasawa. Namu ya ga yunwa, ya ga gobara, ya ga damina fiye da ɗari, ya ga Rabi'u, duk yana tsaye. Ni na kayar da shi, ni kaɗai, ina zaune a kan kujera da sanda a hannu ina tsaronsa.

Ki gaishe da tsohuwar da kike jinya. Allah ya sada mu da alheri.

Kakanki,
Abdulkahar